Man Damina a Tsakiyar Rani

Ƙwarya ɗaya ta man shanu ce ta dagula maganar auren Ummulkhairi, kuma ba don man ya yi wari ba. Laifinsa kawai ya cika kyau.

Ranar da Halidu ya aiko da ita gidan Malam Haruna a Tamaske, zafin bazara ya kai inda ya kai. Duwatsun da suka kewaye garin sun toye, babu ko tsinken ɗanyar ciyawa a kansu, shanun gari sai lasar kara suke yi. Inna Yalwa, mahaifiyar Ummulkhairi, ta ɗaga faifan da aka rufe ƙwaryar ta leƙa. Curi uku ne suke iyo a cikin tsala, rawaya kamar gwaiduwar ƙwan zabo.

Inna Yalwa ba macen da ake yi wa wasa da mai ba ce. Shekara talatin tana kaɗawa tana kaiwa kasuwa, har ta kai in mata biyu suka yi gardama a kan curi, ita ake kira ta duba. In ta ce mai kyau ne, ya sayu. In ta taɓe baki, mai shi ta rufe ƙwaryarta ta kama hanya. Da idonta take taƙama, kuma duk garin an sallama mata.

"Malam, taho ka ga abin da surukinka na gobe ya aiko muna," ta ce.

Malam Haruna ya leƙo daga rumfa. "Masha Allah. Ai man ya yi kyau."

"Shi na abin da ni ka hwaɗi. Ya yi kyau da yawa. Wane wata mu ke ciki? Man rani fari na, yaro ma ya sani. Sai ruwan sama ya sauka, shanu sun ci sabuwar ciyawa, sannan mai ka yin wanga launi. Wanga gangamau anka zuba mai, ko manja. Algus na, Malam."

Ummulkhairi tana bakin murhu, muciya a hannu. Kalmar ta shiga kunnenta sarai. Shekara biyu ke nan da Halidu yake zuwa zance ƙofar gidan, an kai ga manyansa za su zo tambaya bayan an cire albasa. Ita ce autar gidan, ta kai ashirin da uku, kuma ba a taɓa matsa mata a kan kowa ba. Sharaɗin Malam ɗaya ne tun farko: ba ya bai wa maha'inci 'yarsa.

Aka aika Halidu ya zo.

Ya durƙusa a zaure, dogo, siriri, hannuwansa duk kanta. Abin da iyayensa suka bar masa garka ce a fadama da saniya guda. Da ma mutanen gari suna yi masa kallon wanda kansa ya ɗan motsu, domin bana ya ware kusan rabin garkarsa ya tuge albasar da ke ciki, ya zuba dankali da wake da zogale, wai don saniya ta riƙa cin ɗanyen ganye. Har suna aka sa wa saniyar, Shagwaɓa.

"Inna, wallahi ban sa komi ciki ba," ya ce, kansa a ƙasa. "Ganyen garka ta ka ci, safe da marece. Shi na ya rina man."

Inna Yalwa ta yi 'yar dariya daga bayan labule. "Ɗan nan, tun ba a haihe ka ba ni ke kaɗa nono. Ciyawar da ruwan rijiya ya tayar daban, wadda ruwan sama ya tayar daban. Ka ce saniyarka ka yin man damina da rani? To, kawo ta nan. A ɗaure ta turkena sati ukku. Ni za ni tatsa, ni za ni kaɗa. In ta ba ni irin wanga, in roƙe ka gahwara gaban kowa."

Malam Haruna ya gyara murya. "Amma da sharaɗi. Har a gama, ko tsinke kar ya shigo gidan ga daga hannunka. Ba mu san abin da ka ka haɗawa da shi ba. Ka yarda?"

Ummulkhairi, da take laɓe a bayan zana, ta riƙa girgiza kai kamar yana ganinta. Ka ce a'a. Ka ce ba haka za a gwada ba.

"Na yarda, Baba," in ji Halidu.

Ni dai a ganina wauta ya tafka, amma irin wautar da ke sa mace ta ƙara son mutum.

Akwai abin da mutum biyu kaɗai suka sani a duk Tamaske. Rani biyu ke nan Inna Yalwa tana fama da dundumi. Da rana idonta garau, amma da magariba ta kawo kai sai ta fara laluben bango, ta ce wai takalminta take nema. Ko Malam bai lura ba. Ummulkhairi ce ta gane, ta je likita, wato asibitin garin, ta yi tambaya kamar a kan wata maƙwabciya. Matar da ke duba mutane ta ce mata sau da yawa rashin wani sinadari ne a abinci, a kawo mai ciwon a duba ta, kuma ta riƙa cin hanta da ganye da man shanu mai launin rawaya, don shi ya fi farin ɗauke da abin da ido yake so. To, Inna ba ta zuwa likita, ba ta cin hanta, zogale kuma a tsakar gidanta yake amma sayarwa take yi. Mai ne kaɗai ba ta iya cin tuwo babu shi.

Wata la'asar, a bakin shingen garka, Ummulkhairi ta faɗa wa Halidu, ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Ranar ya daɗe yana kallon fangalin albasarsa. Bayan sati biyu ta dawo ta tarar ya kafa igiyar dankali a wurin.

Duk lokacin da ta tuna wannan sai ta ji kamar an zuba mata ruwan randa a ƙirji. Samarin garin suna kai wa 'yan mata turare da waya, nata saurayin ya shuka wa uwarta ido a ƙasa, ya yi ta ba shi ruwa wata huɗu ana yi masa dariya.

Washegarin zuwan Halidu zaure aka kawo Shagwaɓa da ɗan maraƙinta. Ja ce, mai laushin fata da manyan idanu. Ta shinshina karan da aka zuba mata, ta ɗaga kai ta dubi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya kamar tana jiran a ba ta haƙuri.

Kwanakin farko man ya fito rawaya. Inna ta ce sauran abin da aka ɗura mata ne, a bari ya wanke. Kowace safiya ita take tatsa, ta bar madarar ta kwana ta kama, sannan ta zuba a gora ta miƙa wa Ummulkhairi.

Nan Ummulkhairi take samun mafarkinta. Ta zauna a gindin zogale, gora a kan cinya, tana kai shi tana dawo da shi, sautin nonon yana tashi yana faɗuwa. Sai ta lumshe ido ta ga kanta a garkar Halidu, ruwa yana bin lambatu yana ɗaukar hasken rana, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ita tana yankar ganye, shi yana can yana ja wa injin ruwa igiya yana yi masa magana kamar mutum. Ta ga ɗan ɗakin da za su yi a gefen rijiya. Har labulen ƙofar ta zaɓa, mai ruwan ganye.

In ta buɗe ido kuma, akwai abin da take gani ta saman katanga. A gindin itacen dogon yaron da ke kan kwana, wani koren dami yana tsaye a kan mutum. Halidu ne. Hannunsa ya saba yankar wa Shagwaɓa ganye da asuba, ya kasa dainawa. Sai ya ɗauko ya zo har nan ya tsaya, ya ji kukan saniyarsa, sannan ya sauke wa awakin unguwa ya juya. Cikin kwana kaɗan awakin suka gane lokacin, suna riga shi zuwa.

Ran kwana shida, da ta buɗe goran, man ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ran kwana tara ya zama kamar farin ƙyallen da ya tsufa.

Inna ta ɗora curin a tafin hannu, ta kai shi hasken rana, ta mayar da shi ƙwarya ta rufe. Hakan ya fi zagi ciwo.

A ranar ne kuma Isaka ya zo. Ɗan ƙanwar Malam ne, ya yi shekara bakwai a Abijan ya dawo da mota da ƙaton agogo, yana gina gida a Madawa. Tun dawowarsa yake son Ummulkhairi, ita kuma ta gaya masa gaskiya tun ranar farko. Bai yi fushi ba, ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya iya jira.

Ya sa aka sauke buhunan dusa a tsakar gida. "Inna, kar a ce baƙuwar saniya ta rame gidan kawuna. A ba ta ta ƙoshi." Sannan ya ajiye gwangwani biyu na man turawa, ya buɗe ɗaya. Rawaya ne fiye da na Halidu, amma ba wanda ya tambaye shi wane wata ake ciki.

Ya matso inda Ummulkhairi take wanke gora, ya rage murya. "Ƙanwata, ni ban ce yaron ga mugu na ba. Talauci ka sa mutum dabara. Amma ke duba hannunki. Gidana na Madawa hwamfo na har cikin ɗaki."

"Na gode, Yaya Isaka. Hannuna bai kai ƙara wurin kowa ba."

Ya yi murmushi ya dubi buhunan dusar. Ita ma ta dube su, sai a lokacin ta gane. Isaka ya yi kiwo kafin ya tafi Abijan. Ya san sarai abin da busasshen abinci yake yi wa mai.

Da rana ta ɗauki abincin masu cirar albasa ta kai garkar Malam. Daga can ta zarce shingen Halidu, ba ta ko yi sallama ba hawaye suka riga ta.

"Ya yi fari," ta ce. "Halidu, man ya yi fari."

Ya ajiye fartanya ya zo, ya tsaya daga nasa gefen. "Na sani. Dole ya yi."

"Ka sani, kac ce ka yarda? Don mi?"

"In na ƙi, sai a ce na ji tsoro. In na yarda, ko ba komi na yi kwana ashirin da ɗaya ina da sauran suna gidanku."

"Ba ni dami guda. In ɓoye shi cikin zane, ba mai gani."

"Na ba Baba magana."

"To bari in hwaɗa musu gaskiya. In ce don idon Inna ka yi. Baba na jin haka zai..."

"A'a." Ya faɗa a hankali, amma ta san ba zai motsa ba. "Ummu, matar da ta shekara talatin ana kiranta ta duba ma mutane mai. In anka ji ba ta gani da marece, gobe wa za ya kira ta? In aure ki da kunyar uwarki? Ba ni iyawa."

"Sai ka rasa ni da taka gaskiyar?"

Ta kama itacen shingen ta yi kuka sosai, kukan haushi da so a haɗe, don a lokacin ji take kamar ta mare shi, kuma kamar ta tsallake shingen ta zauna a ƙafarsa har damina.

"Kullum ina mafarkin ɗakinmu," ta ce cikin shessheka. "Har labule na sa. Yanzu in na rufe ido sai in ga farin mai."

"Ni kau in na rufe ido ke ni ka gani, kina tahowa ta bakin lambatu. Ban taɓa ganin kin juya ba." Ya share fuska da hannun riga. "Koma gida, kar a neme ki."

Ta juya. Hanyar ta ratsa ta garkar mahaifinta, kuma a nan ƙafarta ta tsaya. Duk bakin lambatun ciyawa ce ɗanya, tsayin gwiwa, wadda masu aiki suke tugewa su watsar a kan shinge. A kusurwa ga yaɗon dankalin da ba wanda ya kula da shi. Ƙasar Malam, ruwan Malam.

An ce kar tsinke ya shigo daga hannun Halidu. Ba a ce komai a kan hannunta ba.

Ta waiwaya. Yana nan tsaye a bakin shingensa. Bai ɗaga mata hannu ba, bai gyaɗa kai ba, amma daga nesa ta ga haƙoransa.

Tun daga ranar Ummulkhairi ta zama mai ƙaunar kai abinci garka, har Malam yana sa mata albarka. Takan dawo da ƙaton kwando a ka, kwanoni a sama, ganye a danne a ƙasa. Lokacin Inna tana barcin rana, sai ta zazzage wa Shagwaɓa a bayan rumbu, ta tsaya har ta cinye, ta share wurin. Da ta ga bai isa ba, ta koma sawu biyu. Da ta ga har yanzu da saura, ta fara bi ta kan zogalen Inna, reshe ɗaya yau, biyu gobe, daga can ciki inda ido ba ya kaiwa.

Ciyawa ta yayyanke mata yatsu, wuyanta ya riƙe. Amma Shagwaɓa ta fara yi mata wani ƙaramin kuka in ta hango ta, kuma ran kwana goma sha shida, da ta leƙa cikin gora, ta ga wani ɗan launi kamar na gefen sama kafin rana ta fito. Ta rungume goran a ƙirji ta daɗe a haka.

Inna ta duba curin ranar, ta juya shi, ta sake juyawa. Ta dubi 'yarta.

Ana gobe wa'adi zai cika, da la'asar sakaliya, Isaka ya shigo ba ko murmushi. A hannunsa akwai igiyar dankali ɗanya da ya tsinta a bayan rumbu.

"Kawu, ni ba na son tsegumi. Amma kullum da sahe yaron ga na tsaye kan kwana da dami, unguwa duk ta shaida. Ga kuma abin da na iske wurin saniya. Ku haɗa da kanku."

Fuskar Malam Haruna ta canza. Ya dubi Ummulkhairi. "In daga hannunshi wanga ya hito, ya karya alkawari, magana ta mutu yau ba sai gobe ba. Ina tahiya masallaci. In na dawo ina son amsa."

Suka fita. Rana ta faɗa bayan dutse, tsakar gidan ya fara yin toka-toka.

Inna Yalwa ta miƙe. "Ni za ni duba da idona," ta ce, ta nufi bayan rumbu da sauri irin na mai fushi. Taku biyar ta yi lafiya. A na shida ta rage sauri, ta miƙa hannu gaba tana neman bangon da ba ya wurin. Igiyar maraƙi tana kwance a gabanta, ba ta gan ta ba.

Ummulkhairi ta tare ta kafin ta kai ƙasa.

Suka tsaya a haka, uwar a jikin 'yar. Inna tana numfashi da ƙarfi.

"Takalmina ya..."

"Inna, takalminki na ƙahwarki." Ummulkhairi ta ƙara riƙe ta. "Na sani. Tun bara waccan na sani."

Ta ji jikin uwar ya sandare.

"Wa kinka gaya ma?"

"Mutum guda." Hawaye suka ɓalle mata. "Likita sun ce mai rawaya na taimakon ido. Ke kau ba ki cin hanta, ba ki zuwa a duba ki. Na hwaɗa mai ina kuka, shi kau ya tahi ya tuge albasarshi ya shuka ma saniya ganye. Wata huɗu ana ce mai mahaukaci. Ƙwaryar da ya aiko, ba toshi ta ba, Inna. Taki ta. Don ki ci da tuwo."

Ummulkhairi ta share hawaye da bayan hannu ta ci gaba.

"Na roƙe shi ya bari in hwaɗi, ya ƙi. Yac ce ba ya aurena da kunyarki. Na roƙe shi dami guda, ya hana ni. Ganyen ga na garkar Baba na, ni na ɗauko da kaina. Sauran kau..." ta rage murya, "zogalenki na."

Inna ta laluba ta kamo hannun 'yarta. Ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da nata, tana jin kowane yanka. Ta daɗe tana yi.

"Tun ran sha ɗaya na ga kashin saniyar ya sake," ta ce a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "Na san ɗanye ta ka ci. Na yi shiru in ga iyakar ƙaryar, ashe tawa ni ka jira." Ta ja numfashi. "Ina man da ya aiko?"

"Kin ce a ba almajirai, ko a zubar. Na soye shi na ɓoye cikin kwalba."

"Kai ni ɗaki, Auta. Riƙe ni da kyau, ba ni ganin komi."

Wannan ne karo na farko da ta faɗa da bakinta. Ummulkhairi ta riƙe ta, suna tafiya a hankali, su biyun suna kuka ba mai lallashin wani.

Da Malam ya dawo ya nemi amsa, daga cikin ɗaki Inna ta ce masa wa'adi gobe ne, ita kuma ba ta yanke hukuncin mai da duhu.

Gari ya waye. Inna Yalwa ta hana kowa taɓa goran, ta zauna a gindin zogalenta da ya koma tsirara ta ciki, ta kaɗa da kanta. Malam yana kan tabarma da carbi. Isaka ya zo da wuri, yana tsaye jikin rumfa. Ummulkhairi ta rakuɓe a bakin madafa, ba ta iya kallon goran, sai ta kalli saman katanga. Koren damin yana can gindin dogon yaro, awaki sun kewaye shi.

Sautin nonon ya canza. Inna ta juye a ƙwarya, ta tattara man da ludayi, ta cura shi, ta ɗora a tafin hannu ta ɗaga shi sama.

Bai kai na ranar farko ba. Amma ko daga zaure aka hango shi, ba mai ce masa fari.

"Kawu, ai na hwaɗa maka dalili," in ji Isaka. "Ganyen yaron ga..."

"Ganyen garkar kawunka na, da zogalena," Inna ta katse shi ba tare da ta dube shi ba. "Je ka duba itacen. Ɗiyata ta ɗauko, ruwan rijiyarmu ya tayar da shi. Ni na ce sai ruwan sama. Ban sani ba, yanzu na sani." Ta juya ga mijinta. "Malam, akwai abin da na ɓoye maka rani biyu. In rana ta hwaɗi ba ni gani. Yaron ga ya sani, don shi ya bar albasarshi. Na kira shi maha'inci cikin zaurenka, ya durƙusa ya ɗauka, bai tona ni ba."

Carbin Malam ya tsaya a hannunsa. Ya dubi matarsa kamar yau ya fara ganinta, sannan ya sunkuyar da kai. Isaka ya gyara agogonsa, ya ce yana da kaya a tasha, ba wanda ya tsayar da shi.

Inna ta sa yatsa ta lakaci man, ta kai baki. Ta lumshe ido tana juya shi a harshe, hawaye yana bin kumatunta.

"Ciyawa," ta ce. "Ƙamshin ciyawa na, tsantsa."

"To mi kinka yanke?" Malam ya tambaya a hankali.

"Ka aika ya turo manyanshi. Gahwara kau da bakina za ni roƙa, gaban kowa, yadda nac ce." Ta share ido da gefen mayafi, ta ɗaga kai wajen katanga. Da safe ne, idonta garau yake. "Kuma wani ya hwaɗa ma wancan mai tsayuwar ya shigo da damin ga. Sati ukku awakin mutane na cin rabon idona."

Malam ya miƙe da kansa ya nufi zaure.

Ummulkhairi ba ta motsa ba. Ta saman katanga ta ga koren damin ya ɗan yi jim, sannan ya juya, ya fara tahowa a hankali wajen ƙofar gidansu, awaki suna biye da shi suna kuka. Shagwaɓa ta ja igiyarta har turken ya girgiza.